Igiyar da Mai Guga Ya Ƙi Tsallakewa

Shagon Mai Guga shi ne na ƙarshe a layin, daga shi sai fili. Ɗaki ne guda, da faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin zane, da dutsen guga biyu na gawayi, da ɗaya na lantarki wanda surukinsa ya kawo masa, shi kuma ya rataye shi a bango inda kowa zai gani don kada a ce bai gode ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana tsaye a bakin teburin nan. Har simintin da ke ƙarƙashinsa ya lotsa, ya yi gurbi biyu daidai tafin ƙafarsa.

Sunan da aka fi saninsa da shi shi ne Baba Ba Komai. Ba wanda ya zauna ya raɗa masa, bakinsa ne ya jawo. A kawo kaya da azahar a ce ana so kafin la'asar, ba komai. Tela na kusa da shi ya ari dutsen guga ya dawo da shi babu mariƙi, ba komai. Ranar da akuyar Mai Nama ta shigo ta cinye hannun rigar wani ango, sai da ya fara tambaya ko maɓallin bai maƙale wa akuyar ba. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, takan ce da rufin ɗaki zai faɗo masa a ka, da shi zai fara ba rufin haƙuri.

Ba wai ba shi da ƙorafi ba ne. Yana da shi, sai dai tufafi yake yi wa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama da wuri ba, zai ji shi yana yi wa wuyan riga faɗa ƙasa-ƙasa: "Kai kuma mai gidanka bai san hanyar sabulu ba ne?" Da mai rigar ya shigo sai fuska ta washe, a miƙa masa kayansa a ninke sumul, a raka shi da addu'a.

A ƙetaren filin, a wani gida mai koriyar ƙofa, yayarsa take. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Allah ya ji ƙanta, don haka Yaya ce ta goye shi, ita ta koya masa tafiya, ita kuma ta yi masa dukan farko. Har yau da furfura ta cinye masa gemu, Auta take kiransa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta yana aiki a nesa, matar ɗan ce ke kula da ita. Idonta na hagu ya riga ya tafi. Na daman ne ya rage, shi ma likita ya ce sai an riƙa ɗiga masa magani sau biyu a rana, safe da la'asar, ba fashi, in ba haka ba zai bi ɗan'uwansa.

Yaya ba ta yarda kowa ya taɓa mata ido sai Auta. Ta ce matar ɗanta zubawa take yi kamar mai ban ruwa a lambu. Shi kuwa Mai Guga, hannun da ya shekara arba'in yana yayyafa wa tufafi ruwa ya san ɗigo ɗaya. Saboda haka kullum sau biyu yakan rufe murfin dutsen guga, ya sa hula, ya ratsa filin. Tafiyar minti bakwai ce ga irin tafiyarsa. Da can ta minti uku ce, kafin tsayuwa ta cinye masa gwiwoyi. Yanzu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana tafiya lafiya lau, amma matakala ta zama abokiyar gabarsa. Ko a masallaci ta ƙofar gefe yake shiga, don ta gaba tana da hawa uku.

Maganar jirgi ta fara ne da turaku. Wata safiya aka tashi aka ga mutane da hulunan kwano suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, suna kafa turaku masu jan kai a tsakiyar filin, a jere, tun daga bayan kasuwa har inda ido ya tsaya. Bayan mako biyu aka manna takardu a bangon makaranta da na shaguna, da hoton jirgin ƙasa fari sol, mutanen cikinsa duk suna murmushi, babu mai ɗauke da buhu ko kaza. Sannan ita ta zo.

Doguwar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta ƙarshe ba, da falmaran mai ƙyalli a kan rigarta da jaka cike da takardu. Aikinta shi ne ta bi unguwannin da jirgin zai ratsa, ta yi wa mutane bayani, ta ji abin da ke ransu, ta kai wa na sama kafin a fara gini. Ta ɗauki aikin da gaske. Ko sannu aka yi mata sai ta leƙa littafinta kamar za ta rubuta. Unguwa ta sa mata Malamar Jirgi. Ta ce ranar Asabar za a yi taro a makaranta, kowa ya zo da damuwarsa, kuma a zaɓi mutum ɗaya da zai yi magana da yawun unguwa.

Kwana uku Mai Guga bai zauna ba, don duk wanda zai je taron sai da ya kawo rigarsa ta fita kunya. A nan bakin teburin aka zazzage damuwar. Mai Nama ya ce in aka raba filin an raba shi da rabin masu sayen namansa. Tela ya ce ƙarar jirgi za ta hana shi barcin rana, wanda a cewarsa ba ya ma yi. Mata suka ce ta ina yara za su bi zuwa makaranta. Da aka zo zaɓen mai magana, ba a daɗe ana shawara ba. Mai Nama ya ce shi bakinsa ba linzami, zai iya ɓata abu. Tela ya ce muryarsa ba ta fita a lasifika. Aka juya aka dubi Mai Guga: dattijo, mai natsuwa, rigarsa ba ta taɓa yamutsewa ba.

"Baba, kai za ka tsaya mana."

"To, ba komai."

Ba wanda ya tsaya ya ji abin da ya faɗa da kyau.

A unguwar nan, duk wanda ya tako ya zo wurinka baƙo ne, ko da takardar tashinka daga gida ya zo a hannu, kuma ba a ɓata wa baƙo rai. Don haka ranar Asabar aka share makaranta, aka yayyafa ruwa, aka jera kujerun roba. Malamar Jirgi ta zo da wani babba mai hular kwano, suka rataye taswira. Ta yi bayani dalla-dalla, tana gumi tana murmushi. Ga inda layin dogo zai bi. Za a yi shinge hagu da dama, wanda ya fi mutum tsawo, don kada yaro ko dabba su hau. Wanda zai ƙetare, ga gada can kusa da kasuwa. Ta ɗaga hoton gadar sama, kyakkyawa, da rufinta shuɗi.

Mai Guga yana kujerar gaba. Bai kalli rufin ba, matakalar ya ƙirga. Arba'in da biyu hawa, arba'in da biyu sauka. Ya sake ƙirgawa ko ya yi kuskure. Bai yi ba.

"Yanzu za mu ji daga bakin wakilinku," in ji Malamar. "Baba, kada ka ɓoye mana komai. Don haka muka zo."

Ya miƙe da ƙyar, aka ba shi lasifika, ya riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai. Ya dube ta. Gumi ya jiƙa mata gefen ɗankwali, takalminta ya yi ƙura, tana ta gyaɗa masa kai tun bai ce komai ba. Ya yi sallama. Ya gode wa baƙi da suka bar ofis mai sanyi suka shigo rana. Ya yi wa iyayensu addu'a, ya yi wa direban jirgin da ba a ɗauka ba tukuna addu'a, ya roƙi Allah ya tsare hanya. Ya buɗe baki zai shiga maganar gada, sai ya ga ta ɗaga biro tana jira da fara'arta. 

"Sauran kuwa," ya ce, "ba komai."

Aka yi tafi. Mai Nama ne ya fi kowa tafawa.

Daga nan aka raba 'yan takardu masu gam a baya, kore da rawaya da ja, aka ce kowa ya manna ɗaya a allo: kore in ya gamsu, rawaya in yana shakka, ja in bai yarda ba. Wa zai manna ja a gaban baƙo? Allo ya zama kore shar. Rawaya guda ɗaya ce tak, ita ma wata tsohuwa ce ta manna don koren ya ƙare, kuma sai da ta je ta ba Malamar haƙuri. Mai hular kwano ya ɗauki hoton allon, ya ce bai taɓa ganin unguwa mai fahimta irin wannan ba.

Da ya koma gida, Inna tana tsince shinkafa a tire, ba ta ko ɗago ba.

"An ce ka yi wa'azi mai kyau. Har direba ya samu rabonsa."

"Yarinyar ta sha rana."

"Ta sha. Kai kuma za ka sha matakala. Nawa ne ma?"

Ya faɗa mata.

"To madalla. In ka fara hawa ranar Litinin, ina jin ranar Laraba ka sauka. Sai mu riƙa haɗa maka guzuri."

Ya yi 'yar dariya don ta ji daɗi, amma da yamma, a karon farko cikin shekaru masu yawa, ya bar dutsen guga ya yi wa aljihun wata farar riga tabo. Ya daɗe yana kallon tabon. Ko faɗa bai yi wa rigar ba.

Malamar Jirgi ta dawo da wani akwatin katako mai tsaga a sama, ta ce na ƙorafi ne, za a bar shi mako uku, in an kwashe an rufe karɓar magana ke nan. Da yake shi ne wakili, a shagonsa aka ajiye. Akwatin ya yi amfani ƙwarai. Mai Nama yana ɗora ƙafa a kai in ya zo hira, Inna kuma ta gano tsayinsa ya yi daidai da ajiye kwanon abincin rana. Mutane suna zuwa su tsaya a kansa su yi ƙorafi da baki har su gaji, su tafi.

Ana saura kwana biyu, Mai Guga ya kira Tela, don shi rubutunsa ba ya sauri. Ya ce wasiƙa za a rubuta. Tela ya yago takarda daga littafin awonsa, ya lashi bakin fensir.

"Rubuta, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri."

Tela ya rubuta.

"Ina gaida ke, ina gaida mai hular nan. Ina gaida iyayenki. Yaya gajiyar ranar Asabar? Allah ya sa kun koma lafiya."

"Baba, mu shiga maganar."

"Ai ba a faɗa wa mutum magana haka kai tsaye. Rubuta, mun ga hoton gada, ta yi kyau ƙwarai, musamman rufin."

Haka suka yi ta tafiya. Rubutun Tela manya ne, irin na mai rubuta awon kafaɗa. Suna kawowa wurin da za a ce amma, takarda ta ƙare, saura layi ɗaya.

"A juya baya?" in ji Tela.

"Bayan akwai awon wandon mutane. Rubuta, mun gode, ka rufe."

Ita ce kaɗai takardar da ta shiga akwatin.

A cikin makon ne masu awo suka ɗaura wata igiyar leda mai ja da fari daga turke zuwa turke, don a ga inda shinge zai bi. Ba wanda ya damu da ita. Yara suna tsallakewa, mata suna ɗagawa su sunkuya da tulu a ka. Mai Guga ma yakan danne ta da sandarsa ya wuce, ya ce mata yi haƙuri.

Ranar ƙarshe, bayan sallar la'asar, ya sa hula ke nan zai fita sai ga Malamar Jirgi ta zo ɗaukar akwati. Ta girgiza shi, ta ji abu ɗaya yana motsi, ta yi murmushi.

"Na tare ka, Baba, fita za ka yi?"

"Wurin yayata zan je in sa mata magani." Ya ga bai kyautu ya bar baƙuwa a tsaye ya tafi ba. "Ko za ki zo ku gaisa? Tana jin labarinki."

Ta ce da farin ciki, dama littafinta yana son muryar tsofaffin mata. Ta rungumi akwatin suka fito.

A bakin filin ya tsaya. Ga igiyar tana kaɗawa, ga mai igiyar a gefensa. Mutanenta ne suka sha rana suka ɗaura, ita ce ta tsaya a gaban jama'a ta ce nan ba wurin wucewa ba ne. Ya danne ta da sanda a gaban idonta, ai kamar ya ce mata maganarki ba ta kai ko'ina ba ne. Sai ya juya hagu, ya kama hanyar kasuwa, hanyar da taswira ta ce.

Suka bi gefen igiyar. Suka wuce bayan makaranta, suka wuce masu wankin mota, inda ruwa ya kwanta sai an raɓa ta jikin bango. Tana ta yi masa hira, tana gaya masa jirgin zai riƙa zuwa duk minti goma, yana cewa ikon Allah. Ta mayar da akwatin daga hannun dama zuwa na hagu. Can ta daina hira. Takalminta mai ɗan tudu ne, ba a yi shi don wannan hanya ba.

"Da nisa gidan, Baba?"

"A'a, nan ne kusa."

A bakin kasuwa, inda aka kafa allon hoton gadar, akwai tsohuwar kwata mai hawa biyar da ake bi a ƙetare. Ya tsaya a gindinta, ya gyara riƙon sanda. Ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu ta same ta, ya huta. Ya sake. A hawa na uku ta ajiye akwatin ta kama masa hannu. Da suka kai sama ya jingina da allon yana mayar da numfashi, kansa daidai ƙasan hoton. Ta dubi hoton, ta dube shi.

"Baba, matakalar gadar nan..."

"Arba'in da biyu. Na ƙirga."

"Za ka iya?"

"Allah shi ne mai iyawa," ya ce, ya ci gaba da tafiya.

Suka sake bin igiyar ta ɗaya gefen, suka dawo baya duk tsawon da suka yi. Da suka iso koriyar ƙofa rana ta yi sanyi. Malamar ta ajiye akwatin tana murza kafaɗa, ta waiwaya don ta ga nisan da suka yi. Ga shagonsa can a ƙetaren fili, kusa har tana iya ganin rigunan da ya rataye da hayaƙin gawayinsa. Da ta ɗaga murya, da Inna ta amsa.

Ta ɗauki akwatin, ya tura ƙofar suka shiga. 

Yaya tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, fuskarta tana kallon ƙofa.

"Auta, yau ta ƙasar waje ka biyo?"

"Da baƙuwa na zo, Yaya. Malamar Jirgi ce."

"Au, ke ce. Matso in gan ki da wanda ya rage. Zauna, 'yata, numfashinki ya fi nasa fita. Kai kuma zo ka yi abin da ya kawo ka tukuna."

Ya wanke hannu, ya durƙusa da ƙyar, ya tallafi haɓarta. Ta ɗaga fuska kamar ƙaramar yarinya. Ɗigo ɗaya, bai taɓa gashin ido ba. Ta rufe idon, ya danne mata gefen hanci da ɗan yatsa yana motsa baki, har lokacin da likita ya ce ya cika. Malamar tana kallo, akwatin a cinyarta.

"Sau nawa yake zuwa?" ta tambaya a hankali.

"Sau biyu, shekara shida ke nan," in ji Yaya, idonta a rufe. "An ce kin tara mutane kin tambaye su, sun ce sun yarda. Wa kika tambaya? Wannan? Wannan da ya yi kwana uku da ƙaya a ƙafa yana yaro, bai faɗa ba don kada ya tashe ni daga aiki? Sai da ƙafar ta kumbura na gani."

"Yaya..."

"Yi mini shiru, da baƙuwa nake magana. 'Yata, mutanen nan in kika jera musu kujera, kika ba su lasifika, ko cewa kika yi za ki rushe musu ɗaki, addu'a za su yi miki. Sai kin tafi su zo su cika mini kunne. Ni da ba na fita na fi akwatin nan naki jin ƙorafi."

Malamar ta buɗe littafinta. Wannan karon ba ta yi murmushi ba.

"To yaya zan tambaya, Mama?"

"Kada ki tambayi mutum ko ya yarda. Ki ce masa, ina za ka da safe, ta ina kake bi. Wannan kam ba wanda ke jin kunyar faɗa." Ta fara lissafi da carbinta. Mai kai burodi da kekensa. Ungozoma, wadda ake kira a guje. Masu turin ruwa. Matan da ke kai yara allura da goyo a baya da wani a hannu. Ta ɗan tsaya. "Kuma maƙabarta tana wannan gefen. Duk wanda ya rasu a layinsu Auta, ta filin nan ake ɗauko shi. Ni dai ban taɓa ganin an hau bene da makara ba. Ko ku kun gani a inda kuka yi karatu?"

Biron Malamar ya tsaya. Ta juya wurin Mai Guga, wanda ya duƙufa yana ninke ɗankwalin Yaya da ya gani a yamutse.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba ranar? Na rubuta musu cewa kowa ya gamsu. Har yaba mini aka yi."

Ya shafa ninkin da tafin hannu.

"Kin zo da fara'arki," ya ce. "Kuma gadar ta yi kyau."

Da za su koma, Malamar ce ta taka igiyar da ƙafarta ta danne ta har ƙasa, ta ce ya wuce.

Washegari ta dawo, ba lasifika, ba falmaran, da takalmi shimfiɗaɗɗe. Ta ari kujera a shagon ta zauna a bakin fili tun safe, duk wanda ya zo wucewa ta gaishe shi ta ce ina zuwa. Kwana shida ta yi haka. Mutanen da suka manna kore suka riƙa tsayawa suna ba ta labarin hanyarsu har da abin da ba ta tambaya ba. Mai Nama shi kaɗai ya cinye mata shafi huɗu. An ce mai hular kwano bai ji daɗi ba, don ya riga ya nuna hoton allon nan a wurare da yawa, kuma lokacin karɓar magana ya wuce. An ce ta kai littafin ofis sau uku ana dawo mata da shi. Wata biyu ba a ji komai ba, aka fara kafa shinge daga can nesa yana matsowa. Mai Guga yakan tsaya a ƙofar shago ya duba inda ya kawo, ya koma ciki. Rigunan mutane sun sha faɗa a watannin nan.

Gadar ba ta motsa daga kasuwa ba, tana nan da rufinta shuɗi. Amma akwai wani wuri, ɗan gaba da tsohuwar hanyar, inda dama za a yi magudanar ruwa a ƙarƙashin dogo. Shi aka faɗaɗa, aka ɗaga rufinsa, aka raba wa ruwa hanyarsa, aka yi wa mutane tasu da gangare mai sauƙi ta kowane gefe, ba hawa ko ɗaya. Faɗinsa ya isa mutum huɗu su wuce da abu a kafaɗa. Tela ya ce duhu ya yi yawa a ciki, Mai Nama ya ce an kai shi nesa da shagonsa da gangan. Da Malamar ta zo dubawa, dukansu suka ce aiki ya yi kyau.

Tafiyar ta koma minti goma sha biyu. Ranar da aka buɗe hanyar, Mai Guga ya je da safe ya sa magani, yana rufe kwalbar Yaya ta ce a miƙo mata mayafi.

"Ina za ki?"

"In ga ramin da aka yi da bakina."

Matar ɗanta ta ce za ta raka su, Yaya ta ce ba ta gayyace ta ba. Suka fito su biyu, ita ta kama damtsensa, shi ya kama sanda, ba a san wanda ke riƙe da wani ba. Suka gangara a hankali. Suna tsakiya sai ƙasa ta fara rawa, jirgin gwaji ya taho ta samansu, fanko, yana gunji. Mai Guga ya tsaya cak, ya dafe hularsa. Yaya ta karkata kunne har ƙarar ta yi nisa.

"Shi ke nan jirgin?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Duk wannan surutu." Ta ja hannunsa, ba baya ba, gaba. "Mu je in ga ko Inna ta iya shara yanzu. Kuma ka rage sauri, Auta, ba kora aka yi mana ba."